Takardar Masu Haɗa Fitilu

Tun azahar Badaruddeen bai ƙara taɓa sifana ba. Yana zaune a kan tsohuwar taya a bayan garejin da yake aiki a Sanaiya, unguwar masana’antu ta Doha, waya a hannu, sai ƙara take yi.

Shafinsa na resilin, kokawar Turawa ta talabijin, shi ne ya cika ya batse. Shekara uku ke nan yana sharhi da Hausa: wa kamfani ke son ɗagawa, wa aka fara yi wa rowar nasara, wane labari marubutan wasan suka lalata. Duk mai kallo ya san a rubuce komai yake kafin a hau dandamali. Gwanintar ita ce ka hango rubutun. Shi kuwa yawanci kuskurewa yake yi, mabiyansa su yi masa ca.

Yau ba hasashe ya yi ba. Gani ya yi da idonsa.

Masahudu, mijin yayarsa Atine, shi ya kawo shi Doha. Shekararsa tara yana haɗa fitilu a wani kamfanin shirya taro, kuma su aka ba aikin zauren da za a yi babban wasan daren nan. Da safe ya turo masa hoton wata takarda da aka ba masu fitila don su san lokacin canza haske. Jerin wasanni ne, da mai ci, da yadda za a ci. A ƙasa ya rubuta: “Ga abin da ke hana ka cin abinci, a jikin akwati aka manna mana. Ka gani ka goge.”

Bai goge ba. Ya ɗauki murya ya sa a shafi: zakaran da suke kira Mai Gatari zai rasa kambunsa, abokinsa Jan Gemu ne zai maka masa kujera, abokin karawarsa Ɗan Sama ya danne shi. Ya ce wata majiya ce ta tsegunta masa. Kafin awa uku wani ya juya maganar zuwa Turanci, manyan shafuka suka ɗauka.

Bayan la’asar Masahudu ya kira. Muryarsa ƙasa-ƙasa, ana jin ƙarar famfo a bayansa.

“Badaru, me na ce maka?”

“Yaya, wallahi ban ambaci sunanka ba.”

“Sunana suke nema? Ka saurara. A banɗaki nake. Wani Bature ya zo yana ta dariya da shugabanmu. Ya ce idan suna zargin akwai mai fitar da sirri, takarda kala-kala suke bugawa, kowane sashe da nasa ƙarshen wasan. Haka ne? Kai ka san harkarsu.”

Badaruddeen ya miƙe tsaye. Ya sani. Har sharhi ya taɓa yi a kai, yana yabon dabarar.

“Suna yi, wani lokacin.”

“To tamu ta gaske ce ko ta tarko?”

“Sai an buga wasan za a sani. Idan abin da na faɗa ya faru, ta gaske ce, ta kowa da kowa. Mutum ɗari biyu sun gan ta, ba wanda za a kama. Idan bai faru ba…”

“Mu huɗu ne a fitila.” Masahudu ya ƙara rage murya. “Ka san na kama ɗaki a unguwar Wukair. Wata mai zuwa Atine za ta taso.”

Wayar ta katse.

Ya yi sallar magariba bai san me ya karanta ba. A ɗakin cin abinci na masaukinsu an jingina babbar waya da gwangwanin madara, mutum goma sha wani abu sun kewaye ta. Abdul-Jalil, fenta ɗan zangon Kumasi, ya matsa masa a benci, ya miƙo masa kofin shayin karak.

“Ga Malamin Resilin! Yalla, zauna. Yau in ka yi ƙarya, sai ka wanke mana kwanuka sati guda.”

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Kofin yana ƙona masa yatsu, bai ajiye ba.

Wasannin farko suka wuce kamar yadda takardar ta ce. Hakan bai kwantar masa da hankali ba. Ba a ɗana tarko a ƙananan wasanni.

Aka zo babban wasa. Zauren ya yi duhu, sannan jan haske ya zubo, Mai Gatari ya fito da kambu a kafaɗa, Jan Gemu yana bin sa a baya. Badaruddeen bai kalli ’yan wasan ba. Hasken yake kallo. Can sama, a bayan wannan ja, akwai hannun Masahudu a kan maɓalli.

Suka yi ta jifa da juna. Ɗan Sama ya hau kan igiya ya diro, ɗakin ya ɗauki ihu. Rafali ya ƙirga biyu, Mai Gatari ya ɗaga kafaɗa. Daga nan aka bangaje rafalin, ya faɗi ya yi lamo. Nan ne wurin. Haka takardar ta ce.

Jan Gemu ya zaro kujerar ƙarfe daga ƙarƙashin dandamali. Ya hau. Ya tsaya tsakanin su biyun, yana duban wannan, yana duban wancan.

“Doke shi,” Badaruddeen ya ce a hankali. “Don Allah ka doke shi.”

“Kai, wannan mutum da mugunta kake!” in ji Abdul-Jalil.

Kujerar ta tashi sama. Ta sauka a gadon bayan Ɗan Sama.

Mai Gatari ya rarrafa ya danne shi. Rafali ya farfaɗo. Ɗaya. Biyu. Uku. Abokan biyu suka rungume juna, hasken zinariya ya lulluɓe su.

Ɗakin ya kaure da tsiya. Wani ya ɗora masa kwano a ka. “Ina majiyar taka, Malam? Ko mai shayi ne?” Ya cire kwanon ya ajiye, ya fita tsakar gida, inda injinan sanyaya ɗaki ke huro zafi.

Kira na huɗu Masahudu ya ɗauka.

“Yaya.”

“Sun karɓe mana katin shiga tun kafin a kashe fitilu. Mu huɗu suka tara a ofis.”

“Ka ce ba ka san komai ba. Zan goge shafin, zan ce ƙirƙira na yi, zan…”

“Khalas, an gama, Badaru. Na ce musu ni ne. Sauran ukun ma da iyalansu, ba zan zauna ina kallo a kore su ba.” Ya ja numfashi. “Kafil, ubangidan da ya yi mini biza, ya ce in zo da fasfona ranar Lahadi. Gida za a mayar da ni.”

Badaruddeen ya jingina da bango.

“Ka yafe mini.”

“Wannan sai daga baya. Yanzu ka kira yayarka. Ni ba zan iya ba.”

Ya daɗe yana kallon lambarta kafin ya danna. Bugu ɗaya ta ɗauka, muryarta wasai.

“Auta! Yanzu nake zancenka. Ka tambayar mini yayanka, daddawa da kuka ana barin a shigo da su a jirgi, ko in bar su?”

“Yaya Atine,” ya ce, “kina tsaye ne? Ki samu wuri ki zauna.”