Bencin 'Yar Likita

Kowa Likita yake ce masa, shi kuma ya daina gyara wa mutane tun da furfura ta fara ba shi gaskiya. Ma'aikacin haƙori ne kawai, ba likita ba. Aikinsa zagaya makarantu da ƙaramin madubi da tocila, yana leƙa bakin 'ya'yan mutane.

Duk ajin da ya shiga, benci uku yake sa a jera: kore da rawaya da ja. Yaron da bakinsa ke lafiya ya zauna a kore, a yi masa nasiha ya tafi. Wanda haƙoransa suka fara fari-fari a gindi ya tafi rawaya, a shafa masa maganin kariya. Ja kuwa na 'yan alewa ne da masu gaba da buroshi. Su ake shafa wa magani, a liƙe musu kwarin matauna, a kuma dawo musu kowane zango.

Autarsa tana karatu a ɗaya daga cikin makarantun nan. Duk zuwan da ya yi, kafin layi ya kawo kanta, malamar ajin takan janye ta.

"Haba Likita, har da 'yar gida? Ai wannan a bakin aiki take kwana."

Sai a yi dariya, shi ma ya yi, don yabo bai taɓa yi masa yawa ba. Auta ta wuce kore tana taƙama. A gida kuwa, in uwarta ta ce, "Baban yara, yarinyar nan da gefe ɗaya take tauna," yakan ce, "Na wuni cikin bakin mutane, ki bari sai gobe." Sannan ya laluba aljihu ya miƙa wa Auta alewar da yake sayen lafiyarsa da ita in ya dawo a gajiye.

Ranar nan malamar ba ta zo ba. Wadda ta riƙe ajin sabuwa ce, ba ta san 'yar kowa ba. Yana sunkuye yana goge madubi, ya ce, "Na gaba," sai ya ji an ce, "Baba, ni ce."

"To buɗe mana, ranki ya daɗe, mu ga abin da ake ta yabo."

Ta buɗe. Ya haska. Can ciki ta hagu, mataunin da ke fitowa sau ɗaya a rayuwa ya zama kogo, baƙi ƙirin, ga dadashi ya kumbura da ƙurji a gefensa. Ya ga irinsa ba adadi, ya kuma san abin da yake faɗa wa iyaye, da irin kallon da yake bin su da shi. Wannan ya wuce shafe, ya wuce liƙi. Sai cira.

"Yana miki ciwo?"

"Wani lokaci. Ai ban faɗa ba, kada a mai da ni ja."

Ya kashe tocilar.

"In an cire wani zai fito, ko Baba? Kamar na gaban nan?"

"A'a, Auta. Wannan ba ya dawowa."

Ta taɓa wurin da harshe. Sannan ta sauko daga kujera ta nufi koren benci, inda ƙawayenta suka riga suka matsa mata wuri.

Sabuwar malamar ta tambaya, "Likita, wane benci za ta?"

Ya dubi bencinan nan uku da shi ya ƙirƙiro da kansa. Babu nata a ciki.

"Ɗauko mata jakarta," ya ce. "Tare za mu tafi."

Ya sa hannu aljihu neman makullin babur, ya ci karo da alewar yau.