Kujerar Mai Ciwon Baya

Mai hayar kujeru yana cikin sito yana kokawa da wata rumfa da ta ƙi naɗuwa, sai direbansa ya leƙo ya ce ana sallama. Ya fito yana karkaɗe riga, ya yi turus. 'Yarsa ce. Rabon da ya gan ta kusa haka tun tana 'yar shekara bakwai, lokacin da ya rabu da uwarta ya yi alkawarin zai riƙa zuwa duk ƙarshen wata. Ya je sau biyu. Ba wanda ya tare masa hanya a na uku, shi ne dai ya yi ta cewa gobe, har yarinya ta girma a gidan wani.

Labarin bikinta ya riga ya iso masa, don ba a ɓoye wa mai kujeru biki a gari. Katin gayyata ne bai iso ba. Shi kuwa ba ya neman babban teburi, ya san bai cancanta ba. Ko a ce masa ya zo ya tsaya can baya, ya ishe shi.

"Ina wuni," in ji ta, ba ta haɗa da komai ba. "Kujera ɗari biyu nake so, da rumfa huɗu, da tebura."

"Ki zauna mana, 'yata. A kawo miki ruwa?"

"A'a, sauri nake. Na je wuri uku kafin nan. Na farko kujerunsa kala-kala ne, na biyu rumfarsa duk faci, na uku ya ce ranar an riga ni. Kowa na tambaya sai ya ce in zo nan."

Wato ba don shi ta zo ba, don kaya ta zo. Abin ya soke shi, amma ya haɗiye, ya shiga gaba yana nuna mata. Ya ce kada ta ɗauki fararen ƙyallayen tebur, da an zubar da lemo sun tona asiri. Ya ce fanka shida za ta sa, ba huɗu ba. Ya ɗaga mata rumfa ta duba ta a hasken rana, ba huda ko ɗaya. Yana ta zuba kamar sabon ɗan talla, ita kuwa sai duba wayarta take tana cewa to.

Da suka iso ɗakin da yake ajiye manyan kujeru masu katifa, ya yi tambayar da yake wa kowa. "Mutum nawa ne a babban teburi?"

"Shida. Mu biyu, iyayen ango, Mama da Abba."

Ya san ko wane ne Abba. Mijin uwarta ne, wani tsohon malamin makaranta mai tafiya a duƙe.

"Ta Abba ce damuwata," ta ce. "Yana da ciwon baya, ba ya iya zama a kowace kujera. Mai hannu nake so, wadda bayanta ya miƙe."

Sai ta ajiye wayar, ta shiga gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna, ta jingina, ta dafa hannu ta miƙe a hankali kamar yadda tsoho zai miƙe. Mai kujeru yana tsaye yana kallo, kishi na cin sa. Shekara nawa yana ɗaukar kujeru a ka, ba wanda ya taɓa tambayar lafiyar nasa bayan.

Ta tsaya a kan wata ja mai ado. "Wannan ta yi kyau."

Ya san halin jar nan. Ƙafarta ɗaya ta baya an manne ta da gam, duk wanda ya yi awa guda a kanta sai ya karkace, ya tashi yana riƙe da ƙugu. Da ya yi shiru, da shi ke nan, ba mai cewa da gangan ne.

"Bar wannan," ya ce. "Kyau kawai gare ta. Zo ki ga."

Ya jawo wata ruwan ƙasa daga lungu, ya cire mata leda. Ta zauna, ta lumshe ido, ta yi murmushin da bai gani ba tun tana da giɓi. "Ita ce. Na gode."

Murmushin nan ne ya ba shi ƙarfin hali. "Ni ƙa'idata, da kaina nake kai kaya. In kafa rumfa, in koma can baya in tsaya har a tashi, saboda iska. Ba ma wanda zai san ina wurin."

Ta ɗauki wayarta, ta daɗe tana kallon ƙasa. "Don Allah ka turo direba da masu kafawa kawai."

"Iskar wannan watan ba ta da tabbas, 'yata."

"Na san da haka. Amma Mama za ta gan ka, Abba kuma zai ce lallai sai ka dawo gaba ka zauna, don haka halinsa yake. Ni kuma ba na so."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta yi kuka ba. Da ma ta zage shi, da ya samu abin da zai riƙe ya ba ta haƙuri a kai.

Ranar biki da safe ya sa aka loda komai. Kujerar ruwan ƙasa kuwa shi ya goge ta da kansa, ya ƙara ɗaure kusoshinta, ya gwada ƙafafun huɗu a kan siminti. Daga nan sai ya zauna a kanta a ƙofar shago, ya jingina, ya ɗora hannuwansa. Lallai yarinyar ta iya zaɓe, bayan mutum sai ya saki.

Direba ya tayar da mota, ya jira, ya gaji ya sauko.

"Maigida, ita kaɗai ta rage. Mai ita na jira."

Ya tashi ya miƙa masa.