Buhun Bakin Ƙofa

Ranar Talata da hantsi ta jera takardun gwaji guda tara a kan tebur, ta tsaya tana kallonsu har ranta ya fara tafasa. Ita ce mai gwaji a kamfanin da ke sayen koren ganyen shayi buhu-buhu, ya ƙulla shi a ƙananan kwalaye. Ma'aikata suna kiranta Sikeli a bayan idonta, wai su a tunaninsu ba ta sani ba. Duk kayan da suka shigo sito sai an kawo mata samfuri ta auna laimarsa, ta ƙona kaɗan ta auna tokarsa, ta sa saura a na'ura ta duba ragowar maganin ƙwari. In ya yi, ta sa hannu ta buga hatimi. In babu sa hannunta, ko kwali ɗaya ba ya fita ƙofa.

To, takardun nan tara bakinsu ɗaya. Laima biyar da ɗigo ɗaya, toka iri ɗaya, maganin ƙwari ɗan mitsitsi iri ɗaya. Kaya tara ne fa, daga gonaki uku, wani an tsinko shi da damina, wani da rani. Ko buhu biyu na gona ɗaya sai an sami ɗan bambanci. Wata bakwai tana yaba wa kanta, tana cewa kamfaninsu ya iya zaɓen kaya. Ta fara zargin na'urarta, ta gwada ta da ruwan awo wanda aka riga aka san sakamakonsa, na'ura ta nuna lafiyarta ƙalau. Sai ta tuɓe safar hannu ta nufi sito.

Mai sito kawunta ne, yayan mahaifiyarta. Shekararsa ashirin da biyu yana riƙe da makullin wurin, shi ne ma ya kai takardunta ofishin Manaja lokacin da take neman aiki. Ɗibar samfuri aikinsa ne, ƙa'idar kuwa ga ta nan manne a bango: buhu goma a kowane kaya, sama da tsakiya da ƙasa, a soka dogon ƙarfen ɗiba har cikin buhu.

"Uwata, yau ke ce a sito? Lafiya dai?"

"Kawu, ina ƙarfen ɗiba?"

Ya waiga nan, ya waiga can. Ita ta hango shi da kanta, a jingine bayan ƙofa, gizo-gizo ya yi saƙa daga hannunsa zuwa bango.

"Samfurin da kake aiko min, daga ina kake ɗiba?"

Bai ko yi ƙoƙarin ƙarya ba, abin da ya ƙara tunzura ta ke nan. Da fara'arsa ya ja ta bakin ƙofa, ya yaye wani tamfol. Buhu ne guda a kan katakonsa shi kaɗai, an naɗe shi da leda ninki biyu, an ɗaure bakinsa da igiya. Ya zaftare ya kusa rabi.

"Ga naki nan. Ni na zaɓe shi da hannuna. Shinshina ki ji."

"Wata bakwai buhu ɗaya nake gwadawa?"

"Ke ba ki san sito ba, Uwata. Ki soki buhu, kin buɗe wa laima hanya. Ki ce a sauko da na ƙasa, sai an rushe jeri guda, leburori su wuni suna zagina a ciki. Ganye ai ganye ne, ni da hanci nake gane mai kyau tun kina goye."

"Hancinka yana jin maganin ƙwari?"

Nan fara'ar ta gushe. Ya rage murya.

"Watanki na farko kin ƙi wasu kaya. Manaja ya yi miki tatas a gaban kowa. Na gan ki a bayan tankin ruwa kina share hawaye. Ranar na ce ba za a sake ba, muddin ina sito takardarki ba za ta ƙara fitowa da datti ba."

Da wani ne da ta san irin zagin da za ta yi masa. Ta fizgi ƙarfen, ta goge shi da gefen farar rigarta, ta sa leburori suka rushe jerin kayan jiya, suna gunaguni tana jinsu. Buhunan gaba babu laifi. Na jikin bango kuwa ƙarfen da ƙyar ya shiga, ganyen ya dunƙule, yana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Kafin la'asar sakamako ya fito. Laima sha ɗaya. Maganin ƙwari ya ninka iyakar da doka ta yarda har sau uku da ɗoriya.

Manaja ya karanta takardar a tsaye, ya zauna, ya miƙo mata kujera, abin da bai taɓa yi ba. Mutumin nan in zai cuce ka muryarsa sanyi take yi.

"Madalla da aikinki. Wannan kayan mu mayar wa mai su. Ki rubuta cewa gwajin yau ya kama su, shi ke nan."

"Sauran takwas ɗin fa, ranka ya daɗe?"

"Sun fita. Wasu ma an shanye."

"Wasu suna kan kanta a shaguna, da hatimina a jiki. A janye su a gwada."

"Kin san abin da kike faɗa? In hukuma ta ji wata bakwai kina sa hannu a kan buhu ɗaya, lasisinki za su fara karɓa. Fom ɗin kai musu rahoto kuma yana da gurbin sunan mai ɗibar samfuri. Tsohon nan saura shekara biyu ya yi ritaya. Ke za ki rubuta sunansa?"

Ta koma ɗakin gwaji ta rufe ƙofa. Haushin Manaja take ji, da haushin Kawu, amma wanda ya fi cinta haushin kanta ne. Sito taku arba'in ne daga teburinta. Wata bakwai tana zaune cikin sanyin na'ura ana kawo mata ganye a leda kamar tsaraba, ba ta taɓa tashi ta je ta ga inda ake ɗiba ba, don kawai mai kawowa kawunta ne. Ta jawo fom ta cike shi tsaf, kaya tara da lambobinsu, ba ta tsallake gurbi ko ɗaya ba.

Ana shirin tashi daga aiki Kawu ya turo ƙofa. Labari ya riga ya kai masa.

"An ce kin rubuta ni."

"Na rubuta ka, na rubuta kaina a ƙarƙashinka. Saura sa hannunka a nan."

"Ni za ki kai wa hukuma? Ni da na ɗauki takardunki na yi ta hawa bene da wannan gwiwar? A kan ganye? Wa ya mutu? Nuna min mutum ɗaya da ya mutu."

"Ba ya kashewa yau, Kawu. Taruwa yake yi a jiki."

"Don ke na yi."

"Na sani. Shi ya fi ƙona min rai."

Ya ture takardar har biro ya faɗi ƙasa, ya juya zai fita.

"Kawu, kwalin da kake kai wa Mama duk ƙarshen wata, wanda take sha safe da yamma wai yana rage mata kiba, daga buhun bakin ƙofa kake ɗibar mata?"

Ya tsaya, hannunsa a kan mariƙin ƙofa.

"A'a," ya ce can ƙasa. "Daga na kasuwa ne. Wanda aka riga aka ƙulla."

"Lambar kayan nawa ce?"

Bai sani ba. Sai ya dawo ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki biron. Sa hannun ya fito a karkace. Ita ma ta sa nata, ta buga hatimi, ta zura fom ɗin a ambulan ɗin hukuma.

Tana liƙe bakin ambulan tana jin muryarsa a baranda, yana magana da Mama a waya.

"Ni ne. Kin ɗora ruwan? Sauke. A'a, kar ki tambaye ni, ki dai sauke, ki ajiye kwalin inda jikoki ba za su kai ba. Ga ni nan zuwa, akwai maganar da zan gaya miki da bakina."