Waken Inna

"Faɗa mini da Hausa, madam," in ji Halidu. Ya ƙi zama.

Madam Fa'iza, mai binciken iri a labo, ɗakin gwaje-gwaje, ta dubi ledoji biyu na waken suya da ya kawo mata.

"A cikin kowace ƙwayar halitta ta waken nan akwai wani ɗan abu mai ba ta ƙarfi, mitokondiriya. Yana da tambarin gado, ADN, nasa na kansa, kuma daga uwa kaɗai ake gadonsa, wato shukar da ta ɗauki kwanson. Galibin irin da ke kasuwa nasu ɗaya ne. Na mahaifiyarka dabam yake, ban taɓa cin karo da shi ba. Na leda ta biyu kuwa shi ne sak."

"Wato sata ce."

"Wato uwarsu ɗaya. Abin da inji ya sani ke nan."

Bai yi godiya ba. Taksin da ya shiga ya bi ta unguwar Boukoki, ta gaban butik ɗin Issoufou, ɗan kawunsa, shagon da ya sayo waken leda ta biyu. Ga buhunan a jere, kowanne da hoton Issoufou yana murmushi, da sunansa a manyan baƙaƙe. Waken da Inna ta tsufa tana tsince shi ƙwaya-ƙwaya a faifai, tana ware mai jure fari.

A unguwarsu, Talladjé, ya tarar da ita a ƙofar gida tana suyar awara.

"Inna, an tabbatar. Naki ne. Gobe za mu kai ƙara, ke ce za ki yi magana."

Ba ta ɗago ba.

"Ni na ba shi."

"Me kika ce?"

"Ya zo, ya durƙusa, ya roƙi iri. Wa ka taɓa ji ya hana iri?"

"Ya buga sunansa a kai, Inna. Da hoton wannan shegen bakin nasa. Ke kina nan hayaƙi na cinye miki ido."

"Ɗan yayana ne, ka iya bakinka."

"Ko sunanki bai ambata ba."

Ta juya awarar, mai ya yi ƙara.

"Ni ma ban ambaci na wadda ta ba ni ba."

Halidu ya matso gaban kaskon.

"Wace ce?"

"Wata mata a tashar Gaya, ina da cikinka. Ban tambayi sunanta ba. Matsa, ka tare wa masu saye hanya."