Lasisin Nomvelo

Bhekani Shezi yana tsaye bayan gilashi a filin koyon harbi na Pinetown, yana kallon wani ƙato ya dafa kafaɗar matarsa. Sbonelo ne, malamin harbi, yana gyara mata tsayuwa. Nomvelo ta yi harbi uku, ta ɗauke yatsa daga kunama, ta cire gidan harsasai, ta ajiye bindigar bakinta na kallon gaba. Sannan ta juya wajen malamin tana dariya. Rabon Bhekani da ganin wannan dariyar tun ranar da 'yan fashi suka shiga kantinta suka kwantar da ita a ƙasa.

A mota ba ta da zance sai na Sbonelo. Wai ya ce hannunta ba ya rawa. Wai ya ce kuben da Bhekani yake saƙala tasa bindigar ya saki, ba ya rufe kunama yadda ya kamata.

"Shi ya haife ni?" in ji Bhekani. "Ina ɗauke da bindiga tun yana tallan lemo."

Ta yi murmushi, ta dafa gwiwarsa. "In lasisina ya fito ai ka huta, Baban Lwandle. Ba sai ka riƙa baro tasha kana zuwa taya ni rufe kanti ba."

Tun bayan fashin, kullum da yamma yakan bar motocinsa na haya a hannun direbobi, ya je ya zauna a bakin kantin, bindiga ƙarƙashin riga. Takan kawo masa shayi da amagwinya, wato fanke, masu zafi, kuma duk baƙon da ya shigo, mijinta take fara duba. Bai taɓa cewa ya gaji ba.

Bayan 'yan kwanaki, da rana yana tasha, ana ta hayaniyar lodin fasinjojin Umlazi, wayarsa ta yi ƙara. Wata mace ce, ta ce ita ce Sajan Mthethwa daga sashen lasisin bindiga, kuma kafin a amince wa Nomvelo sai an ji ta bakin mijinta. Ya koma bayan wata mota ya toshe kunne ɗaya.

Ta tambaya ko matarsa tana shan giya, ya ce a'a. Ko tana da zafin rai, ko ta taɓa ɗaga wa wani hannu a gida. Nan ya tuna ranar da ta yi jifa da murfin tukunya, shekarun baya, ya bugi bango. Ya san in ya faɗa, ya ɗan ƙara gishiri, magana ta ƙare. Ba lasisi, ba Sbonelo, kujerarsa tana nan a bakin kanti. Har ya buɗe baki.

"Baba Shezi, kana ji na?"

"Ina ji. Ta fi ni haƙuri. Ni da aka ba ni lasisi, ita ta fi ni cancanta."

"Tambaya ta ƙarshe. Kana da wata damuwa in ta riƙe bindiga?"

Ya dubi tayar motar.

"Ina da ita," ya ce. "Amma ba irin wadda kike tambaya ba ce."

Sajan ta yi 'yar dariya. "To, in sa babu ke nan?"

"Sa babu, 'yar'uwa."