Yaye a Gidan Deborah

Deborah mutuniyar Saliyo ce. Mijinta akawun reluwe ne, shi ta biyo Kaduna tana amarya, kuma a nan ta binne shi bayan ya yi ritaya. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ta dubi gabas ta dubi yamma ta ga babu nata a unguwar Kurmin Mashi, sai ta ce gida za ta koma, ko da yake waɗanda suka san ta a Saliyo yawancinsu suna ƙarƙashin ƙasa. Tsoronta ɗaya ne, kada ciwon tsufa ya kwantar da ita babu mai miƙa mata ruwa.

Ranar tafiya 'yan dako suna cikin fitar da kaya, sai ga maƙwabciyarta Uwani, matar Lawal tela, da goyo a baya. Deborah ta zaci sallama ta zo yi. Ina! Uwani ta kwance 'yarta Hassana ta dire ta a kan tabarma, ta ajiye ƙullin garin kunu da ɗan zane, ta juya da sauri kamar wadda ta bar tuwo a wuta.

"Uwani! Ke Uwani, kin bar 'yarki!"

Ko waige.

Deborah ta tsaya baki buɗe. Ta yi shekaru tana cin tuwon Hausawa, tana ciniki da Hausa a Babbar Kasuwa har ta fi wasu 'yan gari baki, amma wannan kam ya fi ƙarfinta. Faɗa suka yi da mijin? Kyauta ce ta ban-kwana? To wa ke ba da mutum kyauta? Ko so suke a tafi da yarinyar Saliyo, 'yan sanda su tare ta a Ikko su ce ta saci 'yar mutane? Hassana ta tsala ihu. Shugaban 'yan dako ya leƙo ya ce, "Mama, har da yarinyar za a ɗora?" Ta harare shi, ya koma.

Ta saɓa yarinyar a kafaɗa, ta nufi gidan Lawal tana haki. Uwani ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ana jin shesshekar kukanta. Lawal ne ya taso daga kan keken ɗinkinsa a zaure, ya durƙusa.

"Iya, lafiya?"

"Ni za ka tambaya lafiya? Matarka ta yar mini da 'ya ta gudu, ga jirgi yana jirana!"

"Ba yarwa ta yi ba, Iya, yaye ne. Mu idan za a cire yaro daga nono, gidan kakarsa ake kai shi, ya zauna har ya manta. Uwar ba ta zuwa, don kada ya gan ta."

"To ku kai ta gidan kakarta mana!"

Lawal ya sunkuyar da kai. "Mahaifiyata ta rasu, ta Uwani ma ta rasu. Ai gidan kakarta muka kai ta, Iya, ke ce kakarta."

Maganar ta daki Deborah a ƙirji. Kunya ta kama ta, ga daɗi, ga haushi, ta rasa wanda za ta fara ji. Ita da kullum take ganin baƙuwa ce a unguwar nan, ashe an daɗe da ba ta matsayi, ba a dai gaya mata ba. Ta sauke Hassana ta dube ta da kyau. Haƙora huɗu ne kacal a bakinta, ko tsayuwa ba ta iya ba sai an riƙe ta.

"Lawal, ban haifa ba, amma ina da ido. Yarinyar nan ba ta isa yaye ba."

"Ba ta isa ba, Iya, mun sani," in ji shi, idonsa ya kawo ruwa. "Mun duba gidan nan kaf, ba mu ga wani abin da za mu riƙe ki da shi ba sai ita."