Gangar Ɗakin Ajiya

"Ba zan sha ba sai an buga mini gangar nan," in ji Baba Ma'aji, yana ture cokalin maganin da 'yarsa ta miƙo.

Kwanansa tara a kwance, kwana tara ana ruwa. Shekara talatin ya yi yana kula da ɗakin ajiya na gidan tarihin sojoji. Ni kuwa katanga ce tsakaninmu, duk rigimarsa a kaina take ƙarewa.

"Baba, ai sabon ma'aikacin da ya maye gurbinka ya ce allurar awon danshi tana kan hamsin," in ji 'yar.

"Allurar da ta maƙale tun bara? Ko a rijiya aka jefa ta, hamsin za ta ce!" Ya juyo gare ni. "Maƙwabciya, je ki ƙwanƙwasa tsohuwar gangar fareti, ki kira ni in ji. In fatarta ta saki, danshi ya shiga, kayan mutanen nan za su ruɓe."

Na bar ɗinkina na tafi ina mita. Sabon ma'aikacin ya kalle ni kamar mahaukaciya, amma ya buɗe. Warin funfuna ne ya fara tarbar mu. Takalman sojoji sun yi fari-fari a baki, rigunan ulu sun yi nauyi a ratayensu. Na kira Baba, na kara wayar a jikin gangar, na buga da yatsa. Sai ta ce "ɓuf".

"Na faɗa muku," in ji shi, yana haki. "Bokitin injin tsotsar danshi ya cika, shi ya sa ya mutu. Ku zubar. Kada ku ƙure na'urar sanyaya ɗakin, fata za ta tsage. A hankali."

Muka zubar, injin ya tashi. Kwana biyu ina zirga-zirga, ya hana ni sakat da tambaya, ni ma na kasa zama. Tsoro nake ji ya tafi da wannan "ɓuf" ɗin a kunnensa.

Rana ta uku da hantsi na buga, gangar ta amsa tangaran. Nan take na kira. 'Yarsa ce ta ɗauka, bayanta ana koke-koke.

"Inna, yanzun nan Baba ya cika."

Ma'aikacin ya cire hularsa.

"Kai masa wayar kusa da kunne," na ce mata.

Na sake bugawa sau ɗaya, na riƙe wayar a jikin fatar har ƙarar ta ɗauke.